"Bayan Gajeriyar Rashin Lafiya": Tambayar Da Muke Binnewa Tare Da Mamatanmu

Duk mai sauraron sanarwar rasuwa a gidajen rediyon Kano ya san jimlar nan da ba ta sauyawa: wane ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, wance ta rasu bayan doguwar jinya. Da wani baƙo zai zauna ya yi mana ƙididdiga daga waɗannan sanarwowi, da sai ya koma garinsu ya ba da labarin cewa cuta biyu ce kacal ke ɗaukar ran Kanawa, gajera da doguwa. Da wannan jimla aka sanar da rasuwar yayana a daminar 2018, kuma ni da hannuna na rubuta takardar da aka kai gidan rediyon.

Tun da wuri bari in wanke kaina wurin mai karatu: ni ba likita ba ne. Digirin dakta da nake da shi na ƙididdiga ne, ko da yake wannan bai hana maƙwabtana a Tudun Wada tare ni da sakamakon gwajin jini bayan sallar Magariba ba, wai Dakta ya duba musu. Abin da ya ba ni damar tsoma baki a wannan batu shi ne na taɓa tsayawa a bakin ƙofar sashen kulawa ta musamman, wanda 'yan gari ke wa kirari da ɗakin gobe da nisa, aka yi mini tambaya, na kuma ba da amsar da har yau nake juyayinta.

Yaya ɗan kasuwa ne, shekararsa 52, lafiyarsa ƙalau in ban da hawan jini da yake shan magani a kai. Adaidaita-sahu ce ta buge shi ya karye a cinya. Aka yi masa aiki a wani asibiti a nan cikin gari, aiki ya yi kyau, har ya soma zancen ranar da zai koma shago. A kwana na biyar sai numfashi ya soma yi masa wuya, zazzaɓi ya biyo baya, aka garzaya da shi sashen kulawa ta musamman aka jona masa na'urar numfashi. Kwana huɗu ya yi a can, ya cika da asubahin ranar Talata. Ba ni da abin da zan ce game da ma'aikatan wurin sai godiya, domin na ga yadda suka hana idonsu barci a kansa.

Muna tsaye a barandar ana shirin fito da shi sai wani matashin likita ya ja ni gefe, ni da Baffanmu, ƙanin mahaifinmu. Ya yi mana gaisuwa, ya daɗa yi, sannan ya ce cikin sanyin murya: "Baba, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mun yi masa maganin ciwon huhu, amma yadda abin ya zo zuciyata ba ta kwanta ba. Yana iya zama gudan jini ne ya taso daga ƙafar ya toshe masa huhu, yana iya zama zuciya ce. In da za ku amince a duba gawar, da mun sani." Baffa bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi: "Likita, Allah Ya saka da alheri. In kun duba zai tashi?" Likita ya ce a'a. Baffa ya ce: "To, kwanansa ne ya ƙare. Ku ba mu shi mu kai shi makwancinsa kafin rana ta yi zafi." Likitan ya juyo ya dube ni, da yake an ce masa ni malamin jami'a ne. Na sunkuyar da kai na ce abin da Baffa ya faɗa shi ne. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe mun dawo daga maƙabarta. Takardar shaidar mutuwar da na karɓo daga baya ta ce zuciyarsa da huhunsa ne suka daina aiki, wanda kuwa gaskiya ne, amma gaskiya ce da ta hau kan kowane mamaci tun daga Annabi Adamu.

Tambayar da mai hankali zai fara yi ita ce: mutumin da ya kwana huɗu da wayoyi a ƙirji, ana auna jininsa safe da yamma, ana ɗaukar hoton huhunsa, me ya rage ba a sani ba game da shi? Ni ma haka na ɗauka a wancan lokaci. Sai daga baya na fahimci cewa wannan ɗaki yana cikin wuraren da cuta ta fi samun damar ɓuya. Majinyacin da ke kan na'ura an sa shi barci da magani, ba ya iya cewa ga inda ke mini ciwo, alhali rabin aikin likita daga bakin maras lafiya yake farawa. Sau da yawa ya yi raunin da ba za a iya tura shi ɗakin hoto ba. Ga shi kuma idan jiki ya zo gargara, cututtuka daban-daban fuska ɗaya suke nunawa: numfashi ya yi sama, jini ya sauka, ƙoda ta tsaya. Cutar da ta kawo shi asibiti tana iya rufe wata sabuwa da ta same shi a kan gado. Likita yana yanke hukunci ne cikin gaggawa bisa zato mafi rinjaye, kuma in majinyacin ya rasu aka tafi da shi, babu mai gaya masa ko zaton nasa ya faɗa daidai. Ɗalibi ne da ke rubuta jarrabawa kullum ba a taɓa dawo masa da takardarsa ba.

Inda ake dawo da takardar, makin da ake gani yana sa jiki ya yi sanyi. A 1983 wani likita mai suna Lee Goldman da abokan aikinsa suka ɗauki rahoton binciken gawa ɗari-ɗari na shekarun 1960 da 1970 da 1980 a wani asibitin koyarwa na birnin Boston a Amurka. Sun so su ga ko sababbin na'urorin hoto sun rage kuskure. Sai suka tarar a kowane zamani, kimanin mutum 10 cikin 100 sun mutu da wata babbar cuta da ba a gano ba, wadda da an gano ta da an sauya magani, da wataƙila kuma sun rayu. Na'urori sun ƙaru a cikin shekaru ashirin, kason bai motsa ba, irin cututtukan da ke kuɓucewa ne kawai suka sauya. A 2012 kuma masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka tattara nazarce-nazarce 31 da suka shafi gawarwaki 5,863 na waɗanda suka rasu a sashen kulawa ta musamman. A kashi 28 cikin ɗari an sami aƙalla cuta ɗaya da ba a gano ba kafin rasuwa, a kashi 8 cikin ɗari kuma kuskuren mai girma ne da zai iya zama sanadin mutuwar ko ya taimaka mata. Cututtukan da suka fi kuɓucewa su ne gudan jini a jijiyar huhu, bugun zuciya, ciwon huhu na nimoniya, da wata cutar funfuna mai cin huhun waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Ranar da na karanta wannan jeri na daɗe ban tashi daga kujera ba, domin ukun farko su ne daidai abubuwan da matashin likitan nan ya lissafa mana a baranda.

Mafi yawan waɗannan alƙaluma daga asibitocin ƙasashen da ba a ɗauke wuta suka fito. Ban ga dalilin da zai sa mu zaci namu sun fi nasu kyau ba. Bambancin kawai shi ne su sun ƙirga.

Idan mai karatu bai manta ba, mun ɗanɗani kuɗar rashin ƙirgawa a watan Afrilun 2020. Ranar 11 ga watan aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano. Kafin mako biyu masu haƙar kabari suka soma kokawa, jaridar Daily Trust ta ba da labarin binne kimanin mutum 150 cikin 'yan kwanaki a wasu maƙabartun birni, ciki har da ta Ɗandolo a Goron Dutse. Dattawa da manyan malamai suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya: Farfesa Ibrahim Ayagi, Farfesa Balarabe Maikaba, Farfesa Aliyu Umar Dikko, da wasu da dama da sunansu bai shiga jarida ba. A unguwarmu akwai ranar da na tsaya sallar jana'iza uku tsakanin Azahar da La'asar, da azumi a bakina. Ana cikin haka ɗakin gwajin korona na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya tsaya aiki na wasu kwanaki. Gwamnatin jiha ta ce bayanan farko sun nuna hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Ranar 27 ga watan Shugaba Buhari ya rufe Kano na mako biyu.

Da aka zo neman gaskiyar lamarin, mamatan suna ƙasa. Abin da ya rage shi ne a bi gida-gida ana tambayar iyalai: ya yi tari? Ya yi zazzaɓi? Kwana nawa ya kwanta? Wannan hanya ta bin ba'asi daga bakin dangi Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, tana kuma da amfani wajen hasashen yanayin al'umma, amma dogaronta ga tunanin mai jimami ne, kuma tari da zazzaɓi ba su da tambarin cuta ɗaya. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya sanar cewa an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, cewa mace-macen sun kai 43 a rana inda aka saba ganin 11, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Gwamnatin Kano ta fito da nata binciken, shi ma ta bakin dangi, wanda ya kawo kason da bai kama ƙafar wancan ba. Gari ɗaya, wata ɗaya, mamata ɗaya, rahoto biyu. A matsayina na mai koyar da ƙididdiga ba zan iya cewa ga mai gaskiya a cikinsu ba, kuma babu mai iyawa, domin shaidar da za ta raba gardama an yi mata sutura.

A daidai waɗancan makonni, a birnin Hambug na Jamus, likitoci suna yin akasin haka. Cibiyar Robert Koch mai kula da cututtuka a ƙasar ta fara ba da shawarar a guji buɗe gawar masu korona don gudun yaɗuwa, amma likitocin Hambug, ƙarƙashin Klaus Püschel, suka ce sai sun duba. A farkon Mayu suka wallafa sakamakon gawa 12 na farko. Bakwai daga ciki suna da daskararren jini a jijiyoyin ƙafa wanda babu wanda ya yi zatonsa suna raye, huɗu kuma gudan jinin da ya toshe huhu ne ya kashe su kai tsaye. Duniya na kallon korona a matsayin ciwon huhu kawai, sai ga shi tana daskarar da jini. Wannan da makamantansa suka ƙarfafa wa asibitoci gwiwar ba majinyatan korona maganin hana daskarewar jini, maganin da ke nan a kantunanmu tun tuni. Gawa 12 ta koya wa duniya abin da 979 namu ba su sami damar faɗa ba.

Ba kuma sai mun je Turai neman misali ba. Zazzaɓin Lassa, wanda ya ɗauki sunan wani gari a Borno a 1969, an fara sanin ɓarnar da yake yi a hanta da sauran kayan ciki ne ta hannun likitoci irin su Jeanette Troup ta asibitin mishan na Jos da ake kira Jankwano. Ta yanke a hannu tana binciken gawa, ta kamu, ta rasu a Fabrairun 1970. Wannan yana tuna mana cewa aikin yana da haɗari ga mai yinsa in babu kayan kariya. Shekara hamsin bayan haka, a Janairun 2020, likitoci biyu na Asibitin Aminu Kano suka rasu da Lassa bayan an yi wa wata mai juna biyu aiki, ita ma ta rasu. Sai da ma'aikata suka soma kwanciya sannan aka gane abin da ta zo da shi. Sanin sanadin mutuwar mutum ɗaya a kan lokaci wani sa'in shi ne katangar da ke tsakanin cuta da masu jinya, da masu wankan gawa, da matar da za ta wanke zannuwan gadon.

To, ina addini a cikin wannan? Nan ne gizo ke saƙa, kuma ba na so in yi wa Baffa rashin adalci. Abin da ya tsaya a kai yana da tushe. An umarce mu da gaggauta jana'iza. Akwai hadisin da aka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wanda ya daidaita alfarmar ƙashin mamaci da ta mai rai, an kuma hana wulaƙanta gawa ko da a fagen yaƙi ne. Al'ummar da ke rufe mamacinta cikin sa'o'i kaɗan, talaka da basarake a likkafani iri ɗaya, ba tare da bashin biki ba, tana da abin alfahari, kuma ba na fatan mu rasa shi.

Sai dai fiƙihu bai tsaya inda muka tsaya ba. Duk wanda ya zauna a zaure gaban malami ya kai babin jana'iza a Muhtasar na Shaihu Halil ya ji mas'alar mutumin da ya haɗiye dukiya mai yawa ya mutu: an yarda a tsaga cikinsa a fitar da ita. Malaman Malikiyya sun kuma yi saɓani mai tsawo a kan mace mai ciki da ta rasu ana tsammanin ɗan yana da rai. Ma'ana, tun ƙarnoni da suka wuce sun ɗauki alfarmar gawa a matsayin abin da ake aunawa da haƙƙin rayayyu. In har za a buɗe ciki saboda zinaren wani, ina ga ran 'ya'yan mamacin? Malaman zamani sun bi wannan sawu. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1976 ta halatta binciken gawa don tabbatar da laifin kisa da kuma gano cututtukan annoba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1987, ta halatta shi don shari'a, da tantance cututtuka domin a ɗauki matakin kariya da magani, da kuma koyar da likitanci, tare da gindaya sharuɗɗa: a tsaya iya gwargwadon buƙata, mata su duba gawar mace matuƙar akwai su, a kuma binne duk abin da aka taɓa. Ban kawo wannan don in yi fatawa ba, ba fagena ba ne. Na kawo shi ne saboda a shekarun da na yi ina zama a masallatan Kano ban taɓa jin an karanta wa jama'a waɗannan hukunce-hukunce ba, har yawancinmu muka tashi da yaƙinin cewa haramun ne ƙarara babu tattaunawa.

Maganar kwana ya ƙare kuwa, gaskiya ce da babu Musulmin da zai ja da ita. Amma mu ɗin nan da ke faɗinta, in mota ta kife da mutane sai mun tambaya ko taya ce ta fashe ko direba ne ya yi gyangyaɗi, ba mu kuma ɗauki tambayar a matsayin jayayya da ƙaddara ba. Ajali na Allah ne, sababi kuwa an bar mana shi mu bincika. Wajen shekarar 1200, lokacin wata babbar yunwa a Masar, malami kuma likita Abdullaɗif al-Bagdadi ya tsaya kan tarin ƙasusuwan mamata ya duba da idonsa, ya gano cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, saɓanin biyu da Jalinus ya rubuta aka yi ta haddacewa fiye da shekara dubu. Bai ga imaninsa ya ragu don ya duba ba.

Ina ganin ma ba addini ne babban shingen ba, rashin yarda ne, kuma rashin yardar ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, a wani gwaji da ya shafi yara 200, inda 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mutumin da ya ji wannan labari, ya kuma ji jita-jitar sayar da ƙoda, in ka ce masa ya bar maka gawar ɗan'uwansa a bayan ƙofar da ba zai shiga ba, kada ka yi mamakin amsarsa. Turawa ma sun sha irin wannan: a 1999 aka bankaɗo cewa asibitin yara na Alder Hey a Libaful ya riƙa ajiye sassan jikin yaran da suka rasu ba da sanin iyayensu ba, abin da ya kai ga sabuwar doka a 2004. Zuwa 2013 binciken gawa da ake yi da izinin dangi a asibitocin Birtaniya ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. A Amurka ma ya yi ta raguwa tun da aka cire shi daga sharuɗɗan tantance asibitoci a 1971. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: wasu likitocin ba sa son a duba, don tsoron abin da za a gani. Sai a haɗu a rufe, dangi na gudun wuƙa, asibiti na gudun tuhuma, kowa ya jingina da addini.

Abin da ke cike gurbin da aka bari shi ne ya fi damuna. Inda babu sani, zargi ne ke zama. Ba a yi sadakar bakwai ɗin Yaya ba sai da na ji ana raɗa cewa karaya ba ta kisa, a dai bincika hannun amaryarsa. Wasu suka ce allura aka yi masa ba daidai ba. Baiwar Allah nan ta yi takaba cikin kallon gefen ido, ta gama ta koma gidansu, har yau ba ta sake taka gidanmu ba. Mun kare gawa daga wuƙar likita, muka bar mai rai a bakin mutane. Sau nawa kuma muka ji an far wa ma'aikatan asibiti da duka bayan rasuwar majinyaci, ba tare da mai dukan ko wanda ake duka ya san ainihin abin da ya faru ba?

Akwai hanyoyin da ke tsakanin feɗe gawa gaba ɗaya da rufe ta ba tambaya. Ɗaya ita ce ɗibar samfur da allura: ba a tsaga jiki, ana soka allura ta musamman a ɗebo ɗan tsoka daga huhu da hanta, da jini, da ruwan ƙashin baya, a miƙa wa dangi gawarsu cikin ɗan lokaci, a ci gaba da gwaji a ɗakin bincike bayan an yi jana'iza. An gwada ta a Mozambik aka kwatanta da cikakken bincike, ta dace da shi a kimanin uku cikin huɗu na manya, ta fi kuma ƙarfi a cututtuka masu yaɗuwa. Shirin CHAMPS mai bin sanadin mutuwar ƙananan yara yana amfani da ita a wuraren da Musulmi suka fi yawa kamar Bamako da Bangaladash, bayan zama da limamai da masu unguwanni, daga baya kuma ya iso Nijeriya har da Jihar Bauchi. Ɗaya hanyar ita ce ɗaukar hoton gawa da na'urar siti-sikan, wadda Musulmi da Yahudawan Ingila suka matsa aka samar, har aka buɗe cibiya dominta a Shefil a 2013. Ba zan ɓoye rauninsu ba. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna hoton yana saɓa wa cikakken bincike a kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ciwon zuciya da gudan jini a huhu na cikin abin da ya fi kuskurewa. Allura ma tana iya wuce gudan jini ba ta taɓa shi ba. Wato mai yiwuwa duka biyun da ba su amsa tambayar Yaya ba, sai an buɗe ƙirjin. Amma ga garin da ke farawa daga sifili, uku cikin huɗu ba abin rainawa ba ne.

Da za a tambaye ni daga ina za a fara, sai in ce daga agogo. Bahaushe ba zai bar gawa ta kwana a mutuware don likita ya tafi hutun ƙarshen mako ba, kuma yana da gaskiya. In manyan asibitocinmu, na Aminu Kano da na Murtala da na Nassarawa, za su iya yin alƙawarin cewa wanda ya rasu da asuba za a duba shi a miƙa shi kafin Azahar, kyauta, a gaban wakilin dangi in sun so, mace a hannun mace, a kuma kira iyali bayan makonni a zaunar da su a yi musu bayani da Hausa, to rabin gardamar ta mutu. Ba kowace gawa ake nufi ba, waɗanda likitocin sashen kulawa ta musamman suka ce sun rasa gane kansu ne kawai, da matan da suka rasu wajen haihuwa, da duk mutuwar da ake zargin annoba. Wannan yana buƙatar likitocin binciken cututtuka, waɗanda ba su da yawa, waɗanda muke da su ɗin ma ƙasashen waje na zawarcinsu. Yana buƙatar Majalisar Malamai da likitoci su zauna su fitar da matsaya rubutacciya da limamin unguwa zai iya karantawa ranar Juma'a. Yana kuma buƙatar a daina ɗora nauyin tambayar a kan ƙaramin likitan da ya kwana bai runtsa ba, a baranda, minti goma bayan rasuwa. Mafi munin lokaci ke nan na jin wannan magana a karon farko. A ƙasar da kimanin mutuwa ɗaya cikin goma ce ake yi wa rajista, duk da dokar tilasta rajistar tana nan tun 1992, na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne.

Bara babban ɗan Yaya, saurayi ɗan shekara 24, ya tashi da ƙafar hagu a kumbure ba tare da ya buge ko ya yi doguwar tafiya ba. Hoto ya nuna daskararren jini a jijiya. Likitar da ta duba shi ta ce a irin shekarunsa akan yi zargin gado, kuma amsar tana shafar tsawon lokacin da zai sha magani da kuma ko za a gwada ƙannensa. Ta tambaye shi me ya yi sanadin mahaifinsa. Yaron ya juyo ya ce: "Baffa, me ya kashe Abba?" Ni ne Baffan yanzu. Na ce mata gajeriyar rashin lafiya ce, bayan karaya. Ta rubuta wani abu a fayil, ba ta ce komai ba.

Da daddare na je gaida Baffa babba, wanda yanzu ido ya yi masa rauni, ba ya fita sai masallacin ƙofar gida. Na ba shi labarin yadda muka yi da likitar, na kuma gaya masa cewa na rubuta a wasiyyata, in na rasu a asibiti likitoci suka ce ba su gane sanadi ba, a bar su su duba, matuƙar ba za a wuce da ni sallar da ke gaba ba. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce shi dai kada a taɓa shi, a kai shi yadda Allah Ya halicce shi. Na ce an ji, Baffa. Har na miƙe zan sa takalmi ya kira ni, ya ce in kawo masa takardar malaman Makkan nan da na ambata, a samu yaro ya karanta masa, sannan ya tambaye ni ko ƙafar yaron ta saɓe.